Kujerar Ƙarshe a Cocin Matero

Sau uku Mweemba yana wuce ƙofar cocin bai shiga ba. Mota biyu ya hau daga unguwar Chelstone zuwa unguwar Matero, don kawai ya sami taron masu son barin giya a inda ba wanda ya san fuskarsa. Jiya likita ya ce masa hantarsa ta kusa gamawa. Amma abin da ya fi tsoro shi ne kada labarin shan giyarsa ya kai kunnen 'yarsa Luyando. Shekara ashirin ke nan yana ɓoye mata.

"Baba, awon titi aka aiko ka?" in ji wata tsohuwa mai riƙe da butar shayi. "Shigo mana, ba ma cizo."

Ya lallaɓa ya zauna a kujerar ƙarshe, ya ja hula ya rufe fuska. Ko tari wani ya yi, sai ya ƙara sunkuyar da kai.

Can gaba wata ta miƙe, ta ba shi baya. Tana buɗe baki ya gane muryar.

"Sunana Luyando. Yau wata shida ban sha ba. Ina shekara goma sha uku na fara, da kwalaben da babana yake ɓoyewa a buhun gawayi. In na kurɓa sai in cika masa da ruwa." Ta share hawaye. "Ku taya ni addu'a kada ya taɓa sani."

Aka tafa mata. Sai tsohuwar ta nuna kujerar ƙarshe da murmushi.

"Yau mun yi baƙo. Baba, tashi ka faɗa mana sunanka."