Motar Ikko

Da motar soja ta tsaya a bakin zauren da muke gwajin wasa a Ƙofar Marke, sai na gyara zaman hulata. Ni ne mai zane, ni ne mai tsara wasa, ni ne makaɗi idan an rasa gwani. Yau kuma ga ni na yi nasara.

Na daɗe ina damun kwamitin bikin al'adu a saka makafi mawaƙa da guragu dukawa cikin tawagar da za ta Ikko. Jiya wani hafsa ya yi murmushi ya ce, "Tara mana su wuri guda, za mu kwashe su."

Na tara su. Da hannuna na ɗora su a mota, har da rabon goro.

"Ranka ya daɗe, ina masaukinsu a Ikko?"

"Wace Ikko? Manyan baƙi za su shigo gari. Can daji za a ajiye su sai an watse. Ka hutar da mu bin lungu-lungu."

Mota ta tashi. Babban makahon ya katse waƙa, ya ƙwala mini kira.

"Mallam, mi kaka jira? Hawo mana, mun rage maka wuri!"