Minti Biyar na Hausa

Tun da aka sauya dokar zama a ƙasar, kowane baƙon ma'aikaci yana ɗaure da munduwa mai saurare. Minti biyar aka yarje masa ya yi yarensu a yini. In ya zarce sau uku, a ƙwace takardar zamansa har da ta 'ya'yansa. Barira, nas a gidan tsofaffi, ta riga ta zarce sau biyu.

Tana haɗa wa 'yarta Ummi karin kumallo sai wayar Inna ta shigo daga Gumel.

"Barira, kun tashi lafiya? Ya aiki? Ya sanyi? Ina takwarata?"

Wa ya isa ya katse uwa tana gaisuwa? Barira ta bi ta tiryan-tiryan, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta. Munduwar ta koma ja. Lokaci ya ƙare.

"Dama jikin Malam ne ya yi tsanani," in ji Inna. "Ga shi, da bakinki yake son ji."

Muryar mahaifinta ta zo a dusashe. "Uwata, duk abin da na yi miki, ki yafe mini."

Saurare kyauta ne. Barira ta dubi Ummi, sanye da kayan makaranta, tana shan shayi.

"Barira? Kin yafe?"

Ta toshe bakinta da tafin hannu, tana ta gyaɗa kai, sai ka ce yana ganinta.