Za Ka Koma Gida, Baba

Ku da kuka zaɓi aikin jinya, ku kasa kunne ku ji wani misali. A shekarar da annoba ta rufe kasuwanni da masallatai, an yi wata ma'aikaciyar jinya a cibiyar da ake killace masu cutar. Hannunta da sauƙi, takan zare allura tun mutum bai ankara ba, ga ta da tausayi. An koya mata saka ruwa da ɗaura iska ga wanda numfashinsa ya sarƙe, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata yadda ake yi da wanda magani ya daina yi wa aiki. A ɗakin da take kula da shi akwai wani tsohon magini, tafin hannunsa duk kanta, cutar ta gama da huhunsa. Likita ya riga ya ja ma'aikata gefe ya ce an yi iyakar yi, sai jiran ikon Allah. Dangi kuwa ko bakin ƙofa ba a barin su. Wata rana da la'asar tana gyara masa matashi, sai tsohon ya riƙo gefen rigar kariyar da ta rufe ta ruf, ya dubi idanunta, don su kaɗai ake gani. Ya ce, "'Yata, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. In tafiya ce ta zo, akwai wanda nake so in kira." Yana da ƙane da suka yi shekaru ba sa ga maciji, tun wata baƙar magana da tsohon ya yaɓa masa a bainar jama'a ranar sunan jikansa. Ta ji bakinta ba zai iya ɗaukar gaskiyar ba, sai ta yi 'yar dariya a bayan takunkumi ta ce, "Haba Baba, daina wannan zance. Za ka koma gida da ƙafarka." Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya tura 'yar wayarsa ƙarƙashin matashi. Ya ce ai dama neman gafara ba na waya ba ne, in ya fita zai taka har zauren ƙanen nasa ya durƙusa. Ta wuce tana ganin ta yi aikin lada.

Daga ranar ta fara kauce wa gadonsa. In ta zo ta duba iska, sai ta yi gaba da sauri, kada ya sake tambayarta. Jiki ya ci gaba da rikicewa. Wata safiya ta tarar idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, yana ta lalube ƙarƙashin matashi da hannun da ya daina yi masa biyayya. Shi da kansa ya gane tafiya ce ta zo, amma harshe ya riga ya yi nauyi. Ta ciro wayar tana nuna masa sunaye ɗaya bayan ɗaya har ya lumshe ido a kan na ƙanen, ta buga, ta kara masa a kunne. Tana jin muryar wani dattijo daga can yana cewa, "Yaya? Yaya, kai ne? Ka yi magana mana!" Tsohon ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, ba abin da ya fita sai hucin iska. Hawaye ya gangara ya shige masa kunne. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Da yamma ƙanen ya zo ya tsaya can bayan shingen cibiyar, hula a hannu, ya roƙa a kira masa wadda ta yi jinyar ɗan'uwansa. Abu ɗaya ya tambaye ta: ko marigayin ya bar masa wata magana? Ta san akwai maganar, kuma ta san ita ce ta hana maganar fita.

Bayan annoba ta lafa, aka tara ma'aikatan jinya domin koya musu kula da wanda ba a sa ran tashinsa. Malamar, wata dattijuwa da ta tsufa a aikin, ta ce musu ba a ce ku yanke wa kowa ranar mutuwa ba, wannan sanin na Allah ne. Amma in majinyaci ya yi irin wannan tambaya, a jawo kujera a zauna, a ce masa jikin ya yi tsanani, in akwai wanda yake son kira, gara yau da gobe. Sauran mata suna ta rubutawa. Ita kuwa biro ya tsaya mata a hannu, ta kasa rubuta ko harafi, don abin bai fi a faɗa cikin numfashi ɗaya ba, kuma ga kujera nan kullum a gefen gadon tsohon. Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.