Malamin da Ya Kankare Tsatsarsa

Tun da ka ce ka gaji da ɗan abin da ke hannunka, zauna ka ji na wani malamin kimiyya. Ya daɗe a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a yana neman haɗa ma'ajiyar wutar lantarki da za ta cika cikin ƙiftawar ido, ba irin batir da sai an wuni ana jira ba. Abin aikinsa wani jan gari ne, ɗan'uwan tsatsar da ke cin kwanon rufi. Yakan shafa shi sama-sama a kan ƙananan fallayen ƙarfe, ya tsoma su cikin ruwan sinadari, ya ba su wuta su riƙe. Suna riƙewa kuwa, sai dai kaɗan: su kunna ɗan ƙwan fitila, a sake cika su, su sake kunnawa, ba sa gajiya. Shi ne ya gaji. Furfura ta cika masa kai, sa'o'insa duk sun zama farfesoshi, matarsa ma ta daina tambayarsa ya aiki.

Ana nan sai aka ce masa mutanen wani kamfanin fitilun sola za su zo ganin aikinsa, in bai burge su ba jami'a za ta ba wani sashe ɗakin. Ya dubi fallayensa, ya ga ba abin nuna wa baƙi ba ne. Garin ya ƙare, haɗa sabo kuma sai an yi makonni. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kankare, ya kwaɓa garin ya lafta a kan falle guda, da kauri kamar yaɓen ɗaki, wai yawan gari yawan wuta. Ba wai bai san cewa ruwan sinadarin ba ya ratsa kauri ba ne. Gajiya ce ta hana shi sauraron abin da ya sani.

Da baƙin suka zo ya ba fallen wuta. Ƙwan ya kawo, ya dushe. Da ya sake, yaɓen ya tsage, ya riƙa ɓantarewa yana kwanciya a gindin kwalba kamar guggubin kunu. Shugabar baƙin, wata injiniya, ta ce, "Malam, ai ba wannan ya kawo mu ba. Ina ƙananan nan da aka ce ana cika su ba iyaka ba su lalace ba? Su muke nema." Ya jawo aljihun tebur, ga fallayen nan tsirara suna ƙyalli. Ya daɗe yana kallonsu, ya mayar ya rufe, ya raka baƙin har bakin mota. Kafin zangon karatu ya ƙare an karɓi mabuɗin ɗakin daga hannunsa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.