Wasan da Ba Zai Sake Buɗewa Ba

"Goge komai," in ji Baba. "Ka sa masa manhajar da ka ce wasan nan ba ya buɗewa a kanta."

Mai gyara ya soka filas a kwamfutar Auta, ya ɗora mata manhajar Linux. Ya saita hoton allo, ya daidaita fanka har ta daina gurnani. Auta na tsaye jikin kantar shagon.

"Wasa, wasa, kamar wanda aka yi wa asiri! Yanzu sai in ga ta tsiya." Baba ya fita amsa waya.

Auta ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, babu wata dabara?"

"Wannan wasan kam babu. Kai ma ka huta mana. Me ake samu a harbe-harben banza?"

"Ni ban iya harbin ba. Ita ma ba ta iya ba."

"Ita wa?"

"Mamana. Tun da Baba ya sake ta, ya ƙwace wayata, a cikin wasan muke haɗuwa. Sai mu ɓuya a bayan wani kango, ta tambaye ni ko na ci abinci."