Maharban da Aka Sa wa Sulke

An yi wani mutum mai sana'ar ƙirƙirar wasannin waya. Ya haɗa wani wasan yaƙi da ake yi bi da bi kamar dara: ka motsa mayaƙanka, ka jira abokin karawarka ya motsa nasa. Runduna uku ya sa a ciki. Akwai dodannin dutse masu nauyin jiki, waɗanda bugunsu ɗaya ya isa. Akwai 'yan ruwa, da ba a iya musu a kogi, a tudu kuwa ko kaza sai ta kore su. Sai maharban daji, ba sulke ba garkuwa, daga kibiya sai haƙuri. Mutumin nan yana da wa guda ɗaya da aiki ya kai kudu. Tun rasuwar mahaifiyarsu zance ya ƙafe a tsakaninsu, ko an yi waya daga gaisuwa sai shiru. Wasan nan kaɗai ya rage musu. Kullum wan maharba yake ɗauka, ƙanen ya ɗauki dodanni, kuma galibi ƙanen ke ci. Wan ba ya ƙorafi. Yakan ja da baya, ya sallama ƙauyukansa, ya ɓoye mutanensa a kurmi har sai dodo ya taka fadama ya kafe, sannan ya yi masa ruwan kibau. Ran da dabarar ta ci, ranar yake kira yana dariya: "Auta, ina dodon naka? Ko a turo jaki ya ja shi?" Daga nan hira takan ɓalle har ta kai ga 'ya'ya da gida.

Amma tsoro ya hana ƙanen sakat. Gani yake wanda ake yawan kayarwa wata rana zai gaji ya daina. Sai ya koma cikin wasan ya rage wa dodanni ƙarfi. Da ya yi haka 'yan ruwa suka rasa mai taka musu burki, suka addabi sauran masu wasa, dole ya rage musu ƙarfin kogi, ya ƙara musu na tudu. Maharba ya sa musu sulke. Dodanni ya rage musu nauyi don kada a bar su a baya, har suka daina kafewa a fadama. Ya auna, ya sake aunawa, sai da kowace runduna ta zama daidai da 'yar'uwarta, in ban da launin tuta. Daga nan ɓuya a kurmi ba ta da amfani, jira ma haka. Mayaƙa su haɗu a fili, su sari juna, wanda ya fara motsi shi ke ci. Da yake galibi wan ke fara motsi, ya yi ta ci a jere, amma bai kira ba ko sau ɗaya. Da shirun ya ishi ƙanen ya kira da kansa, ya ce, "Yaya, ka ga yanzu ba a cutarka." Wan ya ce, "Wa ya ce maka ana cutata?" Suka yi sallama. Ƙanen ya zauna ya warware gyaran nan duka, ko yini bai ɗauke shi ba. Ya motsa mayaƙansa ya jira. Damina ta shiga ta fita yana dubawa, ba motsi. Ashe wan ya riga ya goge wasan daga wayarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.