Disk Dur a Firigon Nabila

Mahfuz mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ya tsaya a ƙofar shagon Nabila da 'yar ledarsa a hannu, zuciyarsa na yin ƙas-ƙas irin kukan mataccen disk dur ɗin da ke ciki.

Dabarar tasa ba ƙarya ba ce. In disk, wato ma'ajiyar bayanan ordinatar, ya daina karatu, akan naɗe shi a sa a firigo. Wani sa'in in ya sha sanyi sai ya farfaɗo har a kwashe abin da ke cikinsa. Sai dai duk firigon da ke Konni, na Nabila mai ƙanƙara kaɗai ya ga ya dace.

"Malam Mahfuz, yau ma bai farfaɗo ba?" ta tambaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ciwon ya yi nisa," in ji shi.

"Ikon Allah! Jiya mai shi, malamin nan da ke koyar da yara a lakwal ɗin Tsarnawa, ya sayi ƙanƙara nan. Ya ce tun watan jiya ka kwaso mai hotunan bikinsa kaf, yana ta sa maka albarka."

Gumi ya karyo wa Mahfuz a gaban buɗaɗɗen firigo.

"Ai wannan wani ne daban."

"Shi ne. Ni na ɗiga mai jan farce a gefe."

Ya buɗe baki, amma maganar da ya daɗe yana ajiya ta ƙi fitowa.

Nabila ta karɓe ledar, ta miƙa masa ƙullin ƙanƙara.

"Ɗora a kanka, ko kai ma ka farfaɗo. In abin da ke ciki ya fito, Baba na gida bayan la'asar."